'Ya'yan Baƙi Da Wasanninsu: Abin Da Na Gani Wajen Indiyawa, Da Abin Da Na Gani A Gida

(Jawabin da wani ɗan kasuwa daga cikin 'yan kwamiti ya gabatar a taron iyaye da matasa na ƙungiya, a nan Jos.)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu, ya kuma tara mu a wannan wuri lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, masu unguwanni, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana 'yan kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, da ku 'ya'yanmu samari da 'yammata, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da sakatare ya same ni a shago ya ce kwamiti ya ɗora mini yin magana, sai ya miƙo mini takarda an rubuta "Lalacewar Matasa A Yau". Na ce masa, Malam Sakatare, ka yi haƙuri, wannan kan magana ba zan iya ɗaukarsa ba. Dalili kuwa shi ne, in na tsaya a nan na ce yara sun lalace, akwai aƙalla mutum biyar a sahun gaba da suka san inda nake kwana ranar Juma'a da dare shekara talatin da biyar da suka wuce, kuma ba a masallaci ba ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka na roƙi a bar ni in yi magana a kan wasannin yaranmu da abin da suke yi in sun tashi daga aiki ko makaranta, da yadda wannan yake nuna ko su wane ne su. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakata Islamiyya, sai kuwa abin da kasuwa da tafiye-tafiye da sauraron rediyo suka koya mini. Inda na yi kuskure malamai su gyara.

Zan ɗan yi zagaye kafin in iso gida, ku yi haƙuri da ni.

Akwai wani Ba'indiye a Kano da na fi shekara 20 ina sarin yadi a hannunsa. Mutumin kirki ne, in kaya suka yi nauyi yakan ɗaga mini ƙafa har in sayar. Wata rana na je na iske shi ransa a ɓace, ko shayin da ya saba ba ni bai tuna ba. Na ce, maigida lafiya? Sai ya nuna mini ɗansa da baki, saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana zaune kan dila yana danna waya. Ya ce, "Alhaji, dubi wannan. A nan aka haife shi. Yarenmu in na yi masa sai ya amsa mini da Turanci. Kurket da duk Ba'indiye ke mutuwa a kai, shi ko kallo bai ishe shi ba, sai Arsenal. Abincin uwarsa ba ya ci, sai tsire da gurasa. Na tura shi gida wajen dangi ya yi wata uku, ko wata ɗaya bai cika ba ya bugo waya yana cewa a turo masa kuɗin jirgi, wai can suna kiransa ɗan Afirka."

Jama'a, dariya ta so ta ƙwace mini, na danne. Ba don komai ba sai don wannan magana, kalma bayan kalma, ita ce wadda na ji wani yayana ya yi a kan ɗansa da ya tura Kano wajen kawunsa ya gudo. Daga baya na ja yaron gefe muka yi hira, da Hausa fa, Hausar Kano tsantsa wadda ta fi tawa. Ya ce mini, "Baba, a Indiya ni ɗan Afirka ne, a nan kuma ni Ba'indiye ne. Arsenal ce kawai ba ta taɓa tambayata daga ina nake ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai har yau, kuma ita ce ta sa na riƙa kasa kunne duk lokacin da aka yi zancen mutanen nan a rediyo, na kuma riƙa yi wa ɗan ƙanena da ya yi karatu a Ingila tambayoyi har ya gaji da ni.

Ga abin da na fahimta. Bayan yaƙin duniya na biyu masaƙun Ingila sun rasa ma'aikata, sai mutanen Indiya da Pakistan suka riƙa tafiya neman kuɗi, da niyyar su yi 'yan shekaru su tara su koma, daidai yadda ɗan ci-rani ke yi. Da aka gina madatsar ruwa ta Mangla a Pakistan, wadda aka gama a 1967, ruwa ya tashi mutane sama da 100,000 a yankin Mirpur, da yawansu suka bi 'yan'uwansu zuwa garuruwa irin su Bradford da Birmingham. Sannan a watan Agusta na 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su bar masa ƙasa, mutanen da wasunsu tun kakanni suke can. Kimanin 28,000 suka sauka Ingila. Hukumar birnin Leicester har talla ta buga a jaridar Yuganda tana cewa kada su zo, babu wuri. Suka zo, kuma suka zauna.

To, iyayen ba su da matsala da kansu. Sun san garinsu, sun san yarensu, in sun tashi daga masaƙa sai masallaci ko wurin bautarsu, ranar hutu kuma su yi hayar gidan silima su kalli fim ɗin gida su yi kuka su watse. Matsalar ta 'ya'ya ce. Yaro an haife shi a Bradford, a makaranta Bature ya ce masa koma ƙasarku, a gida uba ya ce masa ka zama Bature. Wanda ya cika shiga Turawa, 'yan'uwansa su yi masa laƙabi da kwakwa, wato waje ja, ciki fari.

Me yaran suka yi? A shekarun 1980 suka ɗauki kiɗan manoman Punjab da ake kira bangara, wanda asalinsa kiɗan girbi ne kamar kalankuwarmu, suka haɗa shi da kayan kiɗan Turawa da na baƙaƙen fata. Da yake iyaye ba sa barin fita da dare, musamman ga 'yammata, sai suka mai da casunsu da rana tsaka. Yarinya ta fito da kayan makaranta, ta canza a hanya, a yi rawa, kafin la'asar ta koma gida kamar ba ita ba. Ba ina yabon wannan ba ne, iyayena mata kada ku harare ni. Ina nuna muku ne cewa da aka rufe ƙofa ba a buɗe wata ba, ta taga suka bi.

A 1990 wani babban ɗan siyasar Ingila mai suna Norman Tebbit ya kawo wata jarrabawa. Ya ce in ana so a gane ko ɗan baƙi ya zama ɗan ƙasa, a duba wa yake goya wa baya in Ingila na buga kurket da Indiya ko Pakistan. Ka ji fa, tafi a filin wasa ya zama takardar shaidar ɗan ƙasa! Amma Allah da ikonsa, da Ingila ta ci kofin duniya na kurket a karon farko a 2019, cikin 'yan wasanta akwai Adil Rashid haifaffen Bradford da Moeen Ali haifaffen Birmingham, dukansu Musulmi, dukansu tushensu Mirpur, ga gemu har ƙirji. Ba su zama Turawa ba, ba su kuma koma Pakistan ba.

To, Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu dawo gida.

Kakanninmu me ya kawo su nan? Kuza, da kasuwancin da ke bin kuza. Tun farkon ƙarnin da ya wuce, da Turawa suka buɗe haƙa a Naraguta da kewaye, mutane suka riƙa gangarowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Borno da Sakkwato. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ya iso a 1927. Wasu da ƙafarsu suka zo, wasu kuma diban gwamna ne aka kawo su dole lokacin yaƙin Hitila, da yawa sanyi da yunwa suka kashe su a barikokin kuza. Mahauta, dillalai, maɗinka, malamai, makaɗa, kowa ya biyo. Marigayi Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, a Bukuru aka haife shi, ɗan makaɗi ne da ya zo daga ƙasar Sakkwato, amma duk duniya ba wanda ya san shi da wani suna sai Ɗan Maraya Jos. Kakana ma ci-rani ya zo yi. Kabarinsa yana nan, na ubana yana nan, ni ma in Allah ya so nan za a kai ni.

Na san akwai masu jin zafin kalmar "baƙi", ni ma ina ji. Ba ita na zo warwarewa yau ba, wannan aikin shugabanni ne da masana doka. Abin da na sani shi ne yaronmu yana cikin hali irin na ɗan abokina Ba'indiye. In ya je neman takardar shaidar asali a nan, a ce masa ya tafi garin kakansa. In ya je garin kakan nasa, a tambaye shi gidan wa, unguwar wa, wa ya san shi. Ya buɗe baki ya yi magana, a kwashe da dariya a ce ɗan Jos ne, ji Hausarsa. Ni kaina a Kantin Kwari an sha ce mini in sake faɗin wata kalma don kawai a yi dariya. Sunan nan na Jasawa da muke amsawa, wanda ƙungiyar da aka kafa a 1987 ta ɗaukaka, ai daga nan ya samo ƙarfi. Mutane ne suka gaji da zama ba nan ba, ba can ba, suka ce to mu na Jos ne.

Yanzu bari in tona asirin tsarata, tunda na yi alkawari.

Mu abin da ya rene mu bayan allo da Islamiyya, fim ɗin Indiya ne. Wanda bai taɓa tsayawa layi a Kwararafa ko Rex ba cikin sa'o'ina, ya ɗaga hannu in gani. To, ba kowa. Mukan yi dako, mu yi tallan rake, mu tara kuɗin shiga. Mu dawo da dare mu haura katanga, mu iske tsoho zaune da dorina yana jira. Gobe kuma mu koma. Ba ma jin yaren ko kalma ɗaya, amma akwai yaron da zai zauna tsakiyarmu yana fassara tun daga farko har ƙarshe, kuma wallahi ba ya jin komai shi ma, sau goma ya kalla ya haddace. Mun raɗa musu sunaye kamar 'yan unguwarmu: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Mother India, fim ɗin 1957, iyayenmu sun kalla, mu ma mun kalla, kuma duk sanda aka maimaita shi sai gida ya cika. Sholay na 1975 kuwa, akwai wanda har yau in ka taɓa shi zai karanto maka.

Na daɗe ina tambayar kaina, me ya sa na Indiya, ba na Amurka ba? Ai ana kawo na kaboyi da na 'yan Cana masu faɗa, muna kallo, amma ba su shiga jininmu haka ba. Amsar da na samu ita ce, a fim ɗin Indiya mun ga gidanmu. Mun ga mace da mayafi tana sunkuyar da kai gaban surukinta. Mun ga saurayi yana tsoron ubansa. Mun ga talaka yana son 'yar mai kuɗi an hana shi, mun ga auren dole, mun ga uwa tana shan wahala a kan 'ya'yanta. Abin da ba ma iya faɗa wa iyayenmu, shi muke zuwa mu ga wani yana faɗa da waƙa a kan dutse.

Abin dariyar ma shi ne, fim ɗin nan na Shah Rukh Khan da Kajol da ya fito a 1995, Dilwale Dulhania Le Jayenge, labarin 'ya'yan Indiyawan Landan ne. Uba ya yi shekaru a can yana tsaron kanti, zuciyarsa na gida, ya ɗauki 'yarsa ya mai da ita Punjab zai aura wa ɗan abokinsa. Fim ne da ke tuna wa 'ya'yan baƙi asalinsu. Mu kuma 'ya'yan baƙin Gangare da Dilimi muka zauna gaban bidiyo muna kallo muna share hawaye, ba mu san da mu ake ba.

Kuma abin bai tsaya a kallo ba. A Kano har masu bege suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Annabi (SAW) a kai da bandiri. Da finafinan Hausa na bidiyo suka fara daga 1990, ba a daɗe ba rawa da waƙa irin ta Indiya ta shiga ciki, malamai suka yi ta faɗa, har yau ba a gama ba. Garin nan kuwa yana da babban kaso a harkar. Hukumar finafinai ta ƙasa a nan hedkwatarta take, makarantar koyon fim ma a nan take, mutane irin su Sani Mu'azu da Nafisa Abdullahi 'yan garin nan ne. Yau kuma ga Indiya-Hausa, an fassara an sa wa Ba'indiye bakin Bakano. Saboda haka in ka ga ɗanka da waya yana kallo, kafin ka ɗaga hannu ka tuna barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abu na biyu da ya rene mu shi ne ƙwallo, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne ciwon yake.

Yayyenmu sun ba mu labarin Mighty Jets, kulob ɗin Alhaji Isiyaku Ibrahim, wanda ya ci gasar lig ta farko ta ƙasa a 1972. Ku saurari sunayen 'yan wasan: Isma'ila Mabo, Baba Otu Muhammad, 'yan gidan Atuegbu, Sam Garba Okoye. Ku sake jin na ƙarshen nan, Sam, Garba, Okoye. Suna ɗaya ya ɗauko gari guda. Haka Jos take. Mu da muka taso, ƙungiyar unguwarmu akwai Birom, akwai Jarawa, akwai Ibo, akwai Bayarabe, kuma duk da Hausa muke zagin juna a fili. Mukan tafi Tudun Wada mu buga, mu tafi Bukuru mu buga, a cinye mu ko mu cinye, mu dawo da ƙafa da magariba ba wanda ya tambaye mu sunanmu. Ranar Kirsimeti mu ci shinkafa a gidajensu, ranar Sallah su biyo mu gidan zu da gidan tarihi, kowa da sabon ɗinki. Da Plateau United ta ci kofin ƙalubale a 1999, bayan shekara da shekaru kulob-kulob ɗin Jos na zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, garin nan gaba ɗaya ya yi murna. Mikel Obi ɗan Ibo ne, a nan aka haife shi. Ahmed Musa, wanda ya zura wa Ajantina biyu a 2014 ya kuma zura wa Iceland biyu a 2018, a nan aka haife shi a 1992, a filayen nan namu masu ƙura ya koya.

Sai ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ta zo. Ba sai na ba ku labari ba, babu gidan da bai san ta ba. Babbar kasuwa ta ƙone a Fabrairun 2002, da yawanmu a nan muka koma sifili. Aka sake a Nuwamban 2008, aka sake a Janairun 2010. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu haƙurin rashinsu. Kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin nasa. Mun yi lissafin rayuka, mun yi lissafin shaguna da gidaje, amma akwai asarar da ban taɓa jin an lissafa ba a taro irin wannan: gari ya rabu, wasa ma ya rabu.

Yaron da aka haifa a 2001 yanzu ya isa aure. Ku tambaye shi abokai nawa yake da su waɗanda ba Musulmi ba, waɗanda ya taɓa shiga ɗakin uwarsu ya sha ruwa. Ɗana na uku na tambaya, ya yi shiru, can ya ce akwai wani a Facebook. Iyakar duniyarsa daga Bauchi Road zuwa Unguwar Rogo, daga Rikkos zuwa 'Yan Shanu. Ya san sunan kowane ɗan wasan Barcelona har da masu zaman benci, amma akwai unguwannin da ke tafiyar minti ashirin daga gidanmu da bai taɓa takawa ba. Can ɓangaren ma haka nasu yaran suke, suna jin sunan unguwanninmu kamar sunan wata ƙasa.

Abin mamaki, a wannan shekarar dai ta 2001, wata biyu kafin namu, a watan Yuli, samarin Bradford 'ya'yan 'yan Pakistan suka yi tarzoma da 'yan sanda. Kwamitin da gwamnatin Ingila ta kafa ya dawo ya ce abin da ya gano shi ne al'ummu biyu na zaune gari ɗaya amma rayuwarsu ba ta haɗuwa ko'ina, makaranta daban, wurin ibada daban, wurin wasa daban. Da ɗan ƙanena ya gaya mini haka, na ce masa ai da sun turo ni da na rage musu kuɗin bincike.

To me ya rage wa yaranmu? Gidan kallo, teburin mai shayi, waya, da majalisar bakin titi. Ni ban ga laifin gidan kallo ba a kan kansa, in ban da yadda ake barin sallah ta wuce saboda ana bugun fanareti, da kuma shagon caca da yanzu ake buɗewa a jikin kowane ɗaya. Wannan cacar ta waya, jama'a, ta fi ƙarfin wasa. Na kori yaron shago biyu a kanta, kuma dukansu 'ya'yan mutunci ne. Sai ƙwaya. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ba a hana zaman banza ba, wanda ya rasa wannan sai ya koma wancan. Sai kuma sara-suka, wanda kunya ma ke hana mu ambatonsa, alhali kowa ya san yaran, ya san gidajensu. Ku lura da kyau, ƙungiyar sara-suka tana ba yaro abin da kulob ɗin ƙwallo ke ba mu a da: suna, abokai, shugaba, da unguwar da zai ce tasa ce yana kare ta. Bambancin kawai mu ƙwallo muke ɗauka, su wuƙa.

Kuma a nan dole mu 'yan kasuwa mu sunkuyar da kai. Filayen da muka yi wasa a kansu suna ina? Mun yanka mun yi shaguna da gareji. Ni da bakina na sa baki aka sayar da wani fili a bayan layinmu, na karɓi la'ada, na yi murna. Yanzu yaran layin a kan kwalta suke buga ƙwallo, in mota ta taho su ɗauke duwatsun gola. Ranar da na fito na daka musu tsawa don sun fasa mini gilashi, wani ƙarami ya ce, "Baba, to ina za mu je?" Ban ba shi amsa ba, na koma ciki.

'Yammata kuwa ba a ma maganarsu. Mu a zamaninmu akwai dandali, akwai gaɗa da wata ya fito, akwai tatsuniya wajen kaka. Yanzu daga makaranta sai Islamiyya sai ɗaki, sai ko in an yi biki. Mun ɗauka mun killace su, alhali wayar da ke hannunsu ta fi kowace taga faɗi. Ku tuna 'yammatan Ingila da casunsu na rana.

Malamaina na Islamiyya, Allah ya saka musu da alheri, sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ranar Idi ya bar mutanen Habasha suna wasa da masu a masallaci, har ya tsaya ta leƙa ta kalla. In haka ne, addini bai hana wasa ba, iyaka ya sa masa. Mu kuwa mun iya hanawa, ba mu iya shiryawa ba. Inda muka shirya, ai mun ga amfaninsa. Dubi musabaƙar Alƙur'ani da aka fara ta ƙasa baki ɗaya a 1986, yadda yara ke kwana suna tilawa don a kira sunan unguwarsu. Dubi 'yan agaji, na Izala da na Fitiyanu da na Jama'atu, yadda yaro ke goge takalmi yana fareti yana jin shi wani ne. Ai wannan ma nishaɗi ne, an dai sa masa riga mai kyau.

Wani zai ce to a mai da su al'adar gida, a koya musu langa da dara da kokawa da dambe. Ina goyon baya, musamman tashe, wanda ke neman ɓacewa a wasu unguwanni, ya koma bara da tare hanya. A samu dattijo a kowace unguwa ya koya musu na asali in azumi ya kai goma. A kai su gidan tarihin nan namu da aka buɗe tun 1952, a nuna musu kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zazzau da aka gina a ciki, da yawansu ba su san akwai ba. Wanda ke da hali ya kai ɗansa garin kakansa ya ga dangi. Amma kada mu yaudari kanmu cewa za mu mai da su Kanawa ko Katsinawa. Ba za su zama ba, kamar yadda ɗan abokina ba zai zama mutumin Bombai ba ko an ɗaure shi a can. 'Yan Jos ne, Hausarsu ta Jos ce, da Turancinta da komai, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba, muddin yaro ya san gaisuwa, ya san alwala, ya san girman na gaba da shi.

Abin da na fi so kwamiti ya duba shi ne fili da kuma haɗuwa. Akwai makarantun firamare a unguwanninmu da filayensu ke zaman banza da yamma, a je a ga hedimastoci da hukumar ilimi a nemi izini a rubuce. Iyayenmu mata su zauna su faɗa mana abin da ya dace da 'yammata, mu kuma mu biya, kada mu yanke musu. Sannan in an shirya gasa, kada a tsaya a Gangare ta kara da Dilimi. A rubuta wa shugabannin matasan Tudun Wada da Kabong da Bukuru a gayyace su, a sanar da jami'an tsaro, a fara da rana, dattawa daga kowane ɓangare su zauna a benci ɗaya inda yara za su gan su. Na san akwai masu tsoro, ni ma ina da shi, don na binne ƙanena a 2008. Akwai ƙungiyoyin da suka riga mu gwada irin wannan a garin nan, a nemi shawararsu.

Ni dai a nawa ɓangare, la'adar filin nan da na ci ba ta taɓa kwanta mini ba. Na yi wa ma'aji magana, zan ba da riguna na ƙungiya huɗu da ƙwallo goma, kuma kuɗin alƙalin wasa na zagayen farko a wuyana. 'Yan'uwana na layin 'yan yadi da 'yan taya da Katako, ga ku nan ina ganinku, ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa, kuma na ce masa kada ya bar kowa ya fita ta baya.

Shugaba, na ga kana duba agogo. Abin da na faɗa daidai Allah ya ba mu ladarsa, wanda na yi kuskure ku yafe mini. Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya.